Babatu na N'Dounga, Bazabarmen da ya mai da ƙasar Gurunshi gonar bayi

Duk wanda ya taso a Yamai a zamanin da gidajen silima ke cika maƙil da dare ya san fim ɗin kaboyi. Ƙaramin gari a bakin daji, ba sarki ba alƙali, mahaya su shigo da ƙura, wanda ya riga zare bindiga shi ne doka. Abin ya shiga ran samari har Moustapha Alassane ya yi fim a kansa a 1966, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. To amma ba sai an je Amurka ba. A daidai lokacin da aka harbe Billy the Kid a 1881, aka harbe Jesse James a 1882, wani mutumin bakin kogin nan namu yana hawa kan ragamar wata runduna da 'yan fashin Amurka ba su kai ƙurar dawakinta ba. Su bankuna da jiragen ƙasa suke tarewa, su biyar ko goma. Shi kuwa gari yake kwashewa sukutum, da mutanen da ke cikinsa.

Sunansa Mahama ɗan Isa, amma duniya ta san shi da Babatu, wasu rubuce-rubuce kuma su ce Baba Ato. Bahaushe in ya ji sunan sai ya yi murmushi, don babatu a wurinmu surutu ne marar amfani. A arewacin Ghana da kudancin Burkina Faso ba a murmushi da sunan nan.

Mutumin N'Dounga ne, a gundumar Kollo ta yanzu. Wanda ya tsaya a Gaweye, kusa da otel, ya bi kogin Isa da ido ta inda ruwa ke gangarawa, can ƙasa kaɗan garin yake, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba. A lokacin ƙuruciyar Babatu babu otel, babu gada, babu ma birnin Yamai. Gaweye ƙauye ne a bakin ruwa, kusa da wasu ƙauyuka irinsa, kuma ƙasar Zabarmawa gaba ɗaya tana cikin yaƙi. Gwandu tana neman a bi ta, Fulanin Tamkalla suna riƙe da Dallol Bosso, Abzinawa suna kawo hari daga arewa, Kabawa kuma sun ɗaga tutar tawaye tare da Zabarmawan Dosso. A shekarun 1850 da 1860 ne aka yi su Isa Korombe na Koygolo. Yaƙi irin wannan yakan bar abin da ya fi gawa yawa: samarin da ba su iya komai ba sai doki da mashi, waɗanda noma ya zame musu abin kunya.

Irin waɗannan samari ne suka bi hanyar Gwanja. Hanya ce da fataken Hausa suka daɗe da sani, daga Kano da Katsina da Sakkwato, a ƙetare kogi, a ratsa ƙasar Gurma, a sauka Salaga a sayo goro. Wani malami Bazabarme, Alfa Hano, shi ya ja ayarin farko, tare da Gazari da wasu mahaya. Dawaki suka kai sayarwa ƙasar Dagomba. A nan ne ciniki ya canza kama.

Dagomba a lokacin tana ƙarƙashin Ashanti, waɗanda Hausawan da ke kira Tonawa, kuma kowace shekara sai ta aika Kumasi da bayi a matsayin gandu. Sarkin da ake bi bashin mutane dole ya nemo mutane. Sarakunan Dagomba suka ga baƙi masu dawaki, waɗanda suka iya yaƙi, ba su da dangi a ƙasar balle su ji tausayin wani. Sarkin Karaga ya jawo su jiki, aka riƙa fita hari da su zuwa arewa maso yamma. Zabarmawa suka je, suka gani, suka lissafa. Me zai sa mutum ya yi wa wani farauta a ba shi ƙafa, alhali dajin ba na kowa ba ne? Suka ƙi komawa Dagomba. Da Dagombawa suka biyo su da yaƙi don su dawo da su, ba su yi nasara ba.

Dole a tsaya a kan wannan ƙasa da suka zaɓa, don ita ce rabin labarin. Gurunshi ba ƙabila ɗaya ba ce. Suna ne da maƙwabta suka laƙaba wa al'ummomi da yawa, Sisala da Kasena da Nuna da Builsa da sauransu, mazauna tsakanin manyan masarautu: Mosi a arewa, Mamprusi da Dagomba a gabas, Gwanja a kudu, Wa a yamma. Manoma ne, masu gero da dawa da shanu, gidajensu na laka masu soro kamar ƙananan ganuwa. Ba su da sarki ɗaya. Kowane gari da dattawansa da mai kula da tsafin ƙasa, kuma gari da gari sukan yi shekaru suna gaba a kan gona ko mace ko saniya. Makaminsu kwari da baka, da kibiya mai dafi. Dawaki ba su da yawa, bindiga ma haka.

Saboda haka Zabarmawa ba su shiga a matsayin masu mamaya ba, da farko. Gayyatarsu aka yi. Gari ya kira su su taya shi murƙushe maƙwabcinsa, a raba ganima. Bayan an gama da maƙwabci, mai gayya ya wayi gari ya tarar baƙinsa ba su da niyyar tafiya, kuma yanzu shi ma sai ya biya kafin ya kwana lafiya. Haka aka yi ta yi, gari bayan gari. Alfa Hano ya rasu wajen 1870, Gazari ya gaje shi, ya kafa sansani a Kasana, a ƙasar Sisala, ba nisa da Tumu ta yanzu. Kasana da Sati, wadda ke kusa da Leo a Burkina, su ne garuruwan da suka fi kama da waɗanda muke gani a fim: wuraren da jiya ba kowa ya san su ba, yau sun cika da mahaya, da dillalan dawaki, da maƙera, da malamai masu rubuta laya, da fatake masu jiran a dawo daga hari a buɗe ciniki. Kafin tsakiyar shekarun 1880 Gazari ya rasu, ragama ta koma hannun Babatu.

Ba a gāji wannan kujera ta jini ba. Alfa Hano malami ne, ana girmama shi don ilimi. Babatu don yaƙi aka ba shi, kuma da yaƙi ya riƙe. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta, shi ya sa ya yi ƙarko. A kai hari a kamo mutane. A sayar da wasu a sayi dawaki daga ƙasar Mosi, a sayi bindigogi da albarushi daga kudu. Da sababbin dawaki da bindigogi a kai hari mafi girma. Garin da ya miƙa wuya a yanka masa gandu na wuri da shanu da hatsi da mutane. Garin da ya ƙi, a kewaye shi, a hana shi ruwa da gona, a ƙone rumbuna. Yara maza da aka kama kuwa ba duka ake sayarwa ba. Masu ƙarfi a cikinsu ana raino a sansani, a musuluntar da su, a koya musu harbi, su zama dakaru. A ƙarshe Zabarmawan asali suka zama 'yan tsiraru a rundunar da ake kira ta Zabarmawa. Mafi yawan masu riƙe da bindiga 'ya'yan Gurunshi ne, sai Hausawa da Fulani da Mosawa da sauran masu neman abin kansu da suka kwararo daga ko'ina.

Mai karatu zai ce, ai a shekarun nan an daɗe da hana jigilar bayi ta teku, Ingila ma ta ƙone Kumasi a 1874, Dagomba da Gwanja sun daina biyan Ashanti gandu. Gaskiya ne. Amma kasuwar cikin gida ba ta mutu ba. Ana buƙatar masu ɗaukar kaya a hanyar goro, ana buƙatar masu noma da masu aikin gida. Salaga ta ci gaba da karɓa har yaƙin basasa ya rushe ta a 1892, Kintampo da Kete Krachi suka ɗauka. A nan akwai abin da bai kamata mu tsallake ba don ya shafe mu: da yawa daga masu saye da masu kai wa kasuwa fataken Hausa ne, kuma da Hausa ake cinikin. Babatu bai yi shekara da shekaru yana kama mutane don ya ajiye su ya kalla ba. Akwai mai jira da kuɗi a hannu.

Wani hafsan Faransa, Louis-Gustave Binger, ya ratsa ƙasar Gurunshi a 1888, ya kuma ba da labarin kufai da gonakin da aka bari, da mutanen da ke ɗar-ɗar da kowane baƙo. Amma shaidar da ta fi tasa ƙarfi tana nan a ƙasa har yau. A Gwollu, garin su Hilla Limann wanda ya shugabanci Ghana daga 1979 zuwa 1981, akwai ragowar ganuwar laka da mutanen garin suka gina don kare kansu daga masu harin bayi. A Sankana, kusa da Wa, akwai kogunan dutse da ake ɓoye mata da yara a ciki idan an hango ƙura.

Wajen 1887 Babatu ya yi abin da ya zubar masa da mutunci a idon malamai da yawa: ya auka wa Wa. Wa ba garin arna ba ne, yadda masu hari ke fakewa su ce. Tsohuwar masarauta ce mai limamai da masallatai da makarantun allo, mai alaƙa da Wangarawa tun da daɗewa. Ya ci rundunar Wa da yaƙi, ya shiga garin, jama'a da yawa suka watse. Masu son wanke Babatu sukan ce jihadi ya yi, ya kai Musulunci inda babu. Ba a musun cewa ta dalilin Zabarmawa wasu Sisala sun musulunta, kuma sansaninsa bai rasa malamai ba. Amma wanda ya ɗauki takobi don addini ba ya sayar da wanda ya kamata ya kira zuwa ga addinin, ba ya kuma kwashe garin da ake kiran salla sau biyar. Harin Wa ya nuna abin da ke tafiyar da rundunar. Dakaru dubbai da dawakinsu suna ci kullum, kuma inda abinci yake nan za a nufa.

Nan ne kuma ciwon da ya kashe mulkin ya fito. Gonar da ake girbe ba a shuka ba, wata rana za ta ƙare. Da garuruwan da za a kai wa hari suka yi ƙaranci, sai Babatu ya juya kan waɗanda suka riga suka miƙa wuya suna biyan gandu, garuruwan da dakarunsa suka fito, inda iyayensu da ƙannensu suke. A 1894 wani babban kwamandansa, Amariya, wanda wasu ke rubutawa Hamariya, ya yi tawaye. Amariya ɗan Gurunshi ne da aka kama yana yaro, aka raine shi a cikin Zabarmawa, ya koyi yaƙinsu tun daga riƙon linzami har ya zama jagoran mayaƙa. Da ya fice, dakarun Gurunshi masu yawa suka bi shi da bindigoginsu. A karon farko Babatu ya fuskanci mutanen da suka san dabararsa ciki da waje, don shi ya koya musu.

Yaƙin bai tsaya tsakaninsu ba, saboda a daidai lokacin manyan kuraye sun iso dajin. Daga yamma Samori Ture, wanda Faransa ta kora daga ƙasarsa, ya turo ɗansa Sarankye Mori da runduna wajen Wa, Babatu kuma ya nemi haɗa kai da su. Daga kudu Ingilishi suna hawowa. Daga gabas Jamusawa, waɗanda suka karya rundunar Dagomba a Adibo a Disamban 1896. Daga arewa kuma wasu hafsoshin Faransa biyu da babu ɗan Nijar da zai ji sunansu bai yi tsaki ba: Paul Voulet da Julien Chanoine. A watan Satumba na 1896 suka ci Wagadugu, a cikin watan kuma suka sauko Sati suka ƙulla yarjejeniya da Amariya, suka ɗauke shi a matsayin sarkin Gurunshi, sarautar da ba a taɓa yi ba kafin ranar. Su takarda suke nema da za su nuna wa Ingila a teburin rabon ƙasa. Shi kuwa bindigogi masu harbi da sauri yake nema.

Ranar 14 ga Maris 1897, a Gandiogo, sojojin Faransa da mayaƙan Amariya suka karya Babatu. Ya ja da baya zuwa kudu, ya sake shan kashi. Ragowar rundunarsa ta faɗa yankin da Ingilishi ke da'awa, su ma suka fito daga Gambaga suka bi ta, aka yi ta gwabzawa har cikin 1898. Ranar 14 ga Yunin shekarar, Faransa da Ingila suka sa hannu a birnin Paris a kan yarjejeniyar da ta ja layi a tsakiyar ƙasar Gurunshi, rabi ya zama na wannan, rabi na wancan. Wannan takardar ce kuma ta taɓa iyakar da ke tsakanin Nijar da Najeriya a yau. Dajin da ba na kowa ba ya sami masu shi, mai hari kuma ya rasa wurin tsayawa.

Kada a ɗauka waɗanda suka kore shi sun fi shi tsarki. Shekara biyu bayan Gandiogo, su Voulet da Chanoine ɗin nan suka ƙetaro kogin Isa da runduna suka nufi tafkin Chadi. Abin da suka yi a Sansane Hausa a watan Janairun 1899, da Lugu garin Sarauniya, da Birnin Konni a watan Mayu, ya kai har Paris ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su. Suka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka harbe su. Kaburburansu na Maijirgi, a hanyar Tasawa. Mutanen da aka aiko su kawo doka ƙasar Gurunshi sun mutu gwamnatinsu tana nemansu a matsayin 'yan tawaye.

Babatu ya fi su tsawon rai. Ya koma inda labarin ya fara, ƙasar Dagomba, aka ba shi wurin zama a Yendi, wadda rabon Turawa ya jefa cikin Togo ta Jamus. Da yawa daga tsofaffin dakarunsa suka shiga aikin soja a wurin Turawa, don sana'ar da suka iya ke nan. Shi kuwa ya zauna, ya yi gida, ya yi iyali. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a rataye shi ba, ba a kai shi gudun hijira ba kamar yadda aka kai Samori Gabon. Ya rasu a Yendi a 1907, lokacin da Faransawa suka riga suka kafa bariki a Yamai, kusa da Gaweye. Kabarinsa na nan a garin, zuriyarsa kuma suna ajiye da wasu kayan yaƙinsa da sarƙoƙin da ake ɗaure bayi da su, masu ziyara suna zuwa gani.

Abin da zai ba mai karatun wannan shafi sha'awa shi ne, mafi cikar labarin waɗannan yaƙe-yaƙe da Hausa aka rubuta shi. Wani Malam Abu, wanda ya san rundunar daga ciki, ya rubuta tarihin Zabarmawan da ajami wajen 1914, hari bayan hari, gari bayan gari, wa ya bi, wa ya ƙi, me aka samu. Rubutun ya ƙare a Landan, kuma wani masanin Hausa ɗan ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya buga shi da fassara a 1992. Ɗalibanmu na tarihi a jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke tsallaken kogi daga Gaweye, suna iya karanta shi ba tare da tafinta ba, in sun iya ajami.

A gida kuwa an tuna da shi ta wata fuska. Hanyar da su Alfa Hano suka buɗe da dawaki, jikokinsu sun bi ta da ƙafa da mota. A zamanin mulkin mallaka dubban samarin Zabarma da Hausa sun riƙa tafiya Kurmi bayan girbi, su yi dako da ƙwadago a Kumasi da Accra, su dawo da keke da tufafi da kuɗin aure, kuma akwai Zabarmawa da yawa da suka zauna Ghana har yau. Ga irin waɗannan matafiya, Babatu shi ne na gaba, ɗan ƙauyen da ya fita da doki ɗaya ya zama mai faɗa a ji a ƙasar wasu. Boubou Hama, wanda gidan tarihin ƙasa da ke maƙwabtaka da otel Gaweye ke ɗauke da sunansa, ya ba da labarin da Jean Rouch ya yi fim da shi mai ɗauke da sunan Babatu, su Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia suka fito a ciki, aka kuma nuna shi a gasar Cannes a 1976. Maroƙa da masu molo ba su cika tambayar inda ganima ta fito ba; aikinsu su yabi wanda ya kawo ta.

A Sandema, babban garin Builsa, kowane watan Disamba ana bikin Feok. Asalinsa bikin godiya ne bayan girbi, amma an haɗa shi da tunawa da ranar da kakanninsu suka tsaya wa Babatu suka kore shi. Maza sukan fito da rigunan yaƙi masu layu, da huluna masu ƙahonni, kwari a baya, baka da gatari a hannu. Sukan sunkuya su yi sanɗa, su ja da baya, su sake matsowa a hankali bisa kiɗan ganga, yadda maharbi a ƙasa yake yi idan zai tari mai doki.